Neman shawara: Cessna 172 za ta kai mu huɗu Johnson Creek a watan Yuli?

Baban Ilham: Assalamu alaikum 'yan'uwa matuƙa. Ina zaune a Boise, jihar Idaho ta Amurka, ina da lasisin ƙaramin jirgi. Yayan matata zai zo a Yuli, kuma tun bara na yi masa alkawarin kwana a Johnson Creek, filin saukar jirgin nan na ciyawa da ke cikin kwarin duwatsu kusa da Yellow Pine. Shi ya tsaya mini a harkar aurenmu, ya riga ya baza labari a dangi, uwargida ma har ta sayi tanti da tukwane. Mu huɗu ne da abokina. Na kama hayar Cessna 172, ƙaramin jirgi mai kujeru huɗu, sai wani ya ce kada in kuskura, bai faɗi dalili ba. Titin ƙafa 3,400 ne, ai ya isa. Me zan shirya?

Kyaftin: Wa alaikumus salam. Ba ka faɗi wace 172 ba, ba ka faɗi nauyinku ba, kuma nan maganar take. In samfurin 172N ce mai ƙarfin doki 160, iyakar nauyinta kilo 1,043. Jirgin shi kaɗai wajen 680. Galan 40 na mai kilo 109. Saura 254. Manya huɗu, ko a kilo 75 ka lissafa kowa, 300 ke nan, tanti da tukwane ba su shiga ba tukuna.

Sannan zafi. Filin yana kusan ƙafa 5,000 sama da teku, inda ma'aunin zafin da littafin jirgi ke aiki da shi digiri 5 ne na Celsius. Kowane digiri ɗaya da ya ɗara haka, ƙara ƙafa 120 a kan tsayin filin. Zafi ya kai digiri 30, injinka ji yake yana ƙafa 8,000. Yana asarar kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace ƙafa 1,000, wato dokinka 160 sun koma wajen 120. Sauka za ka sauka. Fita daga kwarin ne abin tsoro, don bayan titi bishiyoyi ne da dutse.

Baban Ilham: N ce, Kyaftin. Amma a Boise na sha ɗaukar mutum uku lafiya lau. Zan rage mai zuwa galan 20.

Kyaftin: Boise ba ta kai ƙafa 3,000 ba, titinta kwalta ne mai tsawo, gabanka fili. Galan 20 kilo 54 kawai ya rage maka, ga shi ba a sayar da mai a Johnson Creek, jirgin kuma yana shan wajen galan 8 a awa.

Injiniya: A yi sawu biyu mana. Ku sauka a filin jirgin garin McCall, ka sha mai, ka kai mutum ɗaya da kaya, ka dawo ka ɗauki sauran. Tsakaninsu bai kai rabin awa ba. Ka gama komai kafin ƙarfe 10 na safe, iska ba ta tashi ba. A Johnson Creek ana sauka ta bakin titi mai lamba 17, a tashi ta ɗaya bakin mai lamba 35, mitar rediyo kuma 122.9. Kafin tashi ka taka birki, ka ba da wuta duka, ka ja maɓallin rage mai a hankali har injin ya kai ƙarshen juyinsa. In ka kai rabin titi ba ka samu kashi 70 cikin 100 na gudun tashi ba, kashe wuta ka tsaya.

Ɗan Zariya: Ku dai duba takardar haya tukuna. Masu ba da haya da yawa sun hana sauka a ciyawa, inshora ba ta biya. Kuɗin awa kullum hawa yake, farfela ta ɗan taɓa tsakuwa su ɗora maka lissafin buɗe injin gaba ɗaya. Wannan zalunci ne wallahi.

Kyaftin: Injiniya, sawu biyu ga wanda bai taɓa shiga kwari ba, haɗarin ka ninka masa. Mutum ya san gefen da zai bi ya bar wa kansa wurin juyawa, ya san inda fasa sauka ya daina yiwuwa. Wannan sai malamin tuƙin duwatsu yana zaune a gefensa, kuma akwai su a McCall. Ya yi darasi, ya nemi Cessna 182 mai doki 230, ko su tafi a mota.

Maman Sadiq: Ko me aka yanke, a riƙe na'urar neman agaji mai aika sigina a mita 406 MHz, da ruwa, da rigunan sanyi. Kada a dogara da wayar hannu a can, dare kuma yana sanyi ko a Yuli.

Baban Ilham: Na gode duka. Mota ba za ta yiwu ba, jirgi na yi masa alkawari. 182 kuma sai an gwada ni a kanta, lokaci ya ƙure. Ina ganin in muka bar tukwanen, muka tashi da asuba, lissafin Kyaftin zai sauka sosai.

Kyaftin: Asuba na rage zafi, ba ta rage kilo. Kawo nauyin kowa a nan mu lissafa.

Ɗan Zariya: Ka karanta takardar hayar kuwa?