Abin da masu Canon IXUS 185 suka faɗa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da magana ta yi tsawo a kan ƙaramar kyamarar nan, Canon IXUS 185, na tattara abin da waɗanda suka saye ta suka faɗa.

1. Kusan kowa ya yarda cewa da rana hotonta fes yake fitowa. Megafiksel 20 ce, tana jawo abu ninki 8, kuma tana shiga aljihun riga.

2. Da dare kuwa hoto yakan yi dishi-dishi, musamman a wurin biki inda fitila ba ta da ƙarfi. Filashinta ba ya kai nesa, sai an matso kusa da mutum. Wata baiwar Allah ta ce da ta sani da ba ta dogara da ita ranar kamun ƙanwarta ba. Wallahi na tausaya mata.

3. A sayi batir na biyu, NB-11L. Mai sayen ta hannu ya gwada idon kyamarar, ya ga yana fita yana komawa ba ya maƙalewa.

4. Inda aka rabu: ba ta da Wi-Fi, bidiyonta kuma 720p ne, wato tsabtarsa matsakaiciya ce. Wasu sun ce waya ta wadatar. Wasu sun ce waya mai araha ba ta kamo na nesa, kamar mahaya a hawan sallah, yadda ita take yi. Ni ina tare da waɗannan.