Bakwai da ɗaya a bencin Afirka ta Kudu: dabara ce ko caca?

Malam Habu: Assalamu alaikum. Maganar da nake so mu tattauna ita ce zaɓin 'yan wasa da koci Jacques Nienaber da ubangidansa Rassie Erasmus suka yi wa Afirka ta Kudu a wasan ƙarshe na gasar zari-ruga ta duniya, wanda aka buga da New Zealand a birnin Paris ranar 28 ga Oktoba, 2023. Ga wanda bai saba da wasan ba, kowace ƙungiya tana shiga fili da mutum 15, takwas ƙarti ne masu turereniya da ƙwatar ƙwallo, bakwai kuwa su ne masu gudu da bugu, sannan a ajiye mutum takwas a benci, waɗanda bisa al'ada biyar ƙarti ne, uku masu gudu. Su kuwa sai suka zaunar da ƙarti bakwai, suka bar Willie le Roux shi kaɗai ya tsaya wa masu gudu baki ɗaya. Ra'ayina shi ne wannan caca ce tsagwaronta, kuma yabon da ake yi wa kociyoyin ya zarce ƙima, domin 12 da 11 kawai Afirka ta Kudu ta ci wasan, alhali abokan karawarsu sun buga fiye da rabin lokaci babu kyaftin ɗinsu Sam Cane, wanda aka kora da jan kati.

Bala: Wa alaikumus salam. Malam, da girmamawa, ban yarda a kira abin caca ba, domin mai caca ba ya gwaji, su kuwa sun gwada. A watan Agusta na shekarar, a filin Twickenham da ke Landan, sun fita da wannan tsari suka lallasa New Zealand ɗin nan 35 da 7. Kafin nan ma, da ƙarti shida da masu gudu biyu suka ɗauki kofin 2019 a Japan, inda suka doke Ingila 32 da 12. Tunanin a fili yake: ƙasar tana da ƙarti masu inganci fiye da yadda fili zai ɗauka a lokaci guda, saboda haka idan an kai wajen minti na 50 sai a sauya kusan dukkan na farko da waɗanda ba su kasa su ba, su tarar da abokan hamayya sun fara haki.

Hajiya Rabi: Bala, ka kawo gwajin da ya yi maka daɗi, ka tsallake ɗaya. A wasan rukuni na 23 ga Satumba sun sake fita da bakwai da ɗaya, Ireland ta ci su 13 da 8. Sannan a wasan Twickenham ba da wannan tsari suka kwana ba, Le Roux ne ya fita daga jerin daf da wasa, aka maye gurbinsa da Kwagga Smith. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, a wasanni biyu mafi wuya da suka kai su ga na ƙarshe, wato da Faransa 29 da 28, da Ingila 16 da 15, benci na gargajiya suka yi amfani da shi, biyar da uku. Idan tsarin shi ne sirrin nasara, me ya sa suka ajiye shi a ranakun da faɗuwa ke nufin komawa gida?

Bala: Hajiya, wasan Ireland ba benci ne ya kayar da su ba, ƙafa ce. Manie Libbok da Faf de Klerk sun ɓarar da bugu huɗu a tsakaninsu, maki 11 ke nan, a wasan da tazararsa maki biyar ne kacal.

Alhaji Idi: To, ai yanzu kuka zo wurin. Ni a ganina Malam Habu da Bala duk suna kallon benci ne, alhali zaɓin da ya kawo kofin an yi shi tun ana tsakiyar wasannin rukuni. Lokacin da aka fitar da sunayen mutum 33, babu Handré Pollard a ciki, saboda ciwon da yake fama da shi a sha-raɓa. Da Malcolm Marx ya ji rauni a gwiwa wajen atisaye, kowa ya ɗauka za a kira wani mai lamba biyu irinsa, tun da wannan gurbi ne na ƙwararru, shi ne mai jefa ƙwallo daga gefen fili kuma shi ne a tsakiyar layin farko na turereniya, ba kowa ake tsayarwa a wurin ba. Sai suka kira Pollard, mai lamba goma, wato mai tsara wasan masu gudu kuma mai bugun neman maki, suka bar Bongi Mbonambi shi kaɗai a matsayin cikakken mai lamba biyu. An yi ta surutu a lokacin, har da masu cewa kociyoyin sun zautu.

Ku dubi abin da ya biyo baya. A wasan Ingila ana tafka ruwa, ƙwallo tana zamewa, Libbok ya kasa kama bakin zaren, sai aka cire shi a wajen minti na 31, abin da koci mai jin kunya ba zai iya ba, domin cire mai lamba goma kafin hutun rabin lokaci tamkar tsinka shi ne a bainar jama'a. Ingila ta kai 15 da 6. RG Snyman ya dangwala ƙwallo a bayan layi, wato maki biyar, Pollard da ya maye gurbin Libbok ya ƙara biyu, sannan saura kamar minti biyu a tashi ya tsayar da ƙwallo daga kusan tsakiyar fili ya zura ta tsakanin sanduna. A wasan ƙarshe kuwa, duka maki 12 ɗin daga ƙafarsa suka fito, bugu huɗu, bai ɓarar da ko ɗaya ba, alhali a ɗaya ɓangaren Richie Mo'unga da Jordie Barrett kowannensu ya zubar da bugun da zai iya sauya sakamako.

Bala: Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma waye ya samo wa Pollard wancan bugu na wasan Ingila? Ox Nché da Vincent Koch ne, waɗanda suka taso daga benci suka murƙushe turereniyar Ingila har alƙalin wasa ya ɗaga hannu. Shi ma Snyman daga benci ya taso. Ƙafa ba ta bugu sai ƙarti sun samo mata abin bugawa.

Malam Habu: Alhaji, labarin da ka bayar ai hujjata ya ƙarfafa. Ba a yi minti biyar da fara wasan ƙarshe ba Shannon Frizell ya faɗa wa Mbonambi a ƙafa, gwiwarsa ta samu matsala, ya fita. Wa ya shigo? Deon Fourie, mai shekara 37, wanda ya daɗe da komawa layin baya na ƙarti, shi ne ya riƙe lamba biyu har aka tashi, kuma duk wanda ya kalli wasan ya ga yadda jifarsu ta riƙa faɗawa hannun New Zealand. Ga kuma lamba tara, mai ciro ƙwallo daga ƙarƙashin ƙarti ya miƙa wa masu gudu. Sun tafi Faransa da mutum huɗu masu riƙe wannan gurbi, amma a ranar da ta fi kowace muhimmanci babu ko ɗaya a benci, De Klerk ne ya buga minti 80 cur. Wanda aka ce zai riƙe masa idan ya ji rauni shi ne Cheslin Kolbe, shi kuma an ba shi katin gargaɗi, mai fitar da ɗan wasa na minti goma, a mintunan ƙarshe, ya ƙarasa wasan a gefen fili ya rufe fuskarsa da riga. Da De Klerk ya gurɗe a wannan lokaci, wa zai ciro ƙwallo daga ƙarƙashin ƙarti?

Malama Zainab: Malam, tambayarka tana da nauyi, amma ina ganin ba a auna koci da abin da bai faru ba kaɗai, ana auna shi da ko ya san haɗarin kuma ya tanadi mutanen da za su ɗauke shi. Kwagga Smith da Kolbe duk sun fito ne daga zari-ruga ta mutum bakwai-bakwai, suna cikin tawagar da ta ci tagulla a gasar Olamfik ta Rio a 2016, saboda haka Smith ƙato ne a takarda amma yana da gudun da zai tsaya tare da masu gudu. Fourie kuwa da lamba biyu ya fara sana'arsa. Ba jefa mutane aka yi a inda ba su taɓa tsayawa ba.

Akwai kuma shaida daga wata ƙasa. A gasar ƙasashe shida ta Turai ta 2025, koci Fabien Galthié ya ɗauki wannan tsari ya kai Faransa Dublin, kuma abin da Malam yake tsoro ya faru da su a zahiri: Antoine Dupont, mai lamba tara, ya ji mummunan rauni a gwiwa tun kafin hutu, mai gudu ɗaya tilo da ke benci, Maxime Lucu, ya shiga, sannan Pierre-Louis Barassi ya fita saboda bugun kai, dole Oscar Jegou, wanda ƙato ne, ya koma tsakiyar masu gudu. Jegou ya dangwala ƙwallo a bayan layi, Faransa ta ci 42 da 27, daga baya ta ɗauki kofin.

Hajiya Rabi: Malama, misalinki ya zauna, sai dai ki lura da ƙasashen da kika ambata. Faransa tana da gasar cikin gida mafi kuɗi, Afirka ta Kudu kuma ta soke ƙa'idar da ke taƙaita kiran 'yan wasanta da ke ƙetare tun 2019, saboda haka Erasmus yana ɗebo mutane daga Japan da Ingila da Ireland yadda ya ga dama, abin da kocin New Zealand ko na Ingila ba shi da ikon yi. Ƙasar da ke da ƙarti goma sha biyar na ajin farko ita ce za ta iya wannan. Idan Namibiya ko Kenya ta kwaikwaya, za ta sauya gajiyayyun gwanaye ne da sababbin da ba su kai su ba. Ni damuwata ma ta wuce nasara: an ƙirƙiro benci ne domin mai rauni ya samu madadi, yanzu kuwa ya zama hanyar sakin ƙarti bakwai masu cikakken ƙarfi a kan mutanen da suka yi sa'a guda suna karo, kuma a wasan da bugun kai ya zama babbar matsala, wannan abin dubawa ne ga masu kafa doka.

Alhaji Idi: Hajiya, wannan ƙorafi ne a kan doka, ba a kan koci ba. Doka ta ce a ajiye mutum takwas, uku daga ciki su zama ƙwararrun layin farko, ba ta faɗi yadda za a raba sauran biyar ba. Erasmus, mutumin da ya karɓi ƙungiya a 2018, bayan Italiya ta ci ta a 2016 kuma New Zealand ta yi mata 57 da nema a 2017, ba za a ce ya bar abin da doka ta halatta masa don ya faranta wa abokan hamayya ba.

Malam Habu: Ban ce ya karya doka ba, Alhaji, kuma ban raina aikinsa ba. Abin da nake cewa shi ne, a daren Paris ba sababbin ƙartin benci ne suka tsare wasan ba. Pieter-Steph du Toit ne, wanda ya fara tun daga farko, bai fita ba, ya tare mutum sau 28, aka kuma ba shi gwarzon wasa. Bala, kai da ka fi mu riƙe lissafi, ka kawo mana abu ɗaya da ƙato na bakwai ya yi a wannan dare wanda na shida ba zai iya ba, sai mu ci gaba daga nan.