Littafin labari da na tarihi sun saɓa kan Sarauniya Amina, yaya zan rubuta sharhi?

Ɗan Tudun Jukun:
Assalamu alaikum malamaina. Na gama littattafai biyu a jere, ɗaya ƙagaggen labari kan Sarauniya Amina, ɗaya kuma na tarihin Zazzau. Na labarin ya ratsa ni sosai, har ƙurar dawakin nake ji a hanci. Na tarihin kuwa ya sanyaya mini jiki, domin ko zamanin da ta rayu bai tsayar ba. Ƙungiyarmu ta makaranta littattafai na jiran sharhina. Da wane ma'auni zan auna kowanne ba tare da na zalunci marubutan ba?

Malamar Kongo:
Wa alaikumus salam ƙanena. Rashin tsayar da zamanin ba laifin mai tarihin ba ne, alamar gaskiyarsa ce. Kundin tarihin sarakunan Kano ya ambaci Amina a zamanin Sarki Dauda, wato tsakanin 1421 da 1438, ya ce ta yi shekara 34 tana yaƙi, har Sarkin Nupe ya aiko mata da bābānni (dandaƙaƙƙun bayin fada) 40 da goro 10,000. Ruwayar da ke cewa 'yar Bakwa Turunku mai mulkin Zazzau ce ta kai ta ƙarni na 16. Tazarar ta haura shekara ɗari. Sannan rubuce-rubucen da ake dogaro da su, har da na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk a ƙarni na 19 aka yi su.

Saboda haka ka ɗauki littafin tarihin ka yi masa tambaya uku. Daga ina ya samo kowace magana, rubutu ne, ruwayar baka ce, ko waƙar makaɗan fada? Idan majiyoyi sun saɓa, ya faɗa maka, ko ya zaɓi guda ya yi shiru? Sai ka buɗe bayan shafin farko ka duba shekarar bugu na farko, ba ta maimaici ba. Ga gwaji mai sauƙi: nemi inda ya kawo shigar Malam Musa, jagoran jihadi, Zazzau da ficewar Sarki Makau da ya tarar a kan mulki. Wasu na cewa 1804, wasu 1808. Wanda ya nuna maka akwai saɓani ya fi wanda ya dire shekara guda ya wuce.

Baban Ummi:
Malama ta gama da ɓangaren tarihi, bari in taɓa na labarin. Marubucin labari yana da damar ƙaga zance, soyayya, kishi, har mutanen da ba a taɓa yi ba. Inda ba shi da dama shi ne kayan zamanin, kuma nan ne galibi ake zamewa.

Fara da tukunya. Masara, rogo, gyaɗa, tumatir da attaruhu duk asalinsu nahiyar Amurka ne, ba su ƙetaro teku ba sai bayan 1492. Haka taba. In ka ga dakarun Amina na gasa masara ko an yi mata miyar tumatir, marubucin bai yi bincike ba. Abin da ya dace a gani shi ne gero, dawa, acca, wake, gujiya, kuka da daddawa, yaji kuma citta, kimba da masoro. Sai kuɗi: kundin Kano ɗin nan ya ce a zamanin Sarki Sharefa, farkon ƙarni na 18, wuri ya shigo ƙasar Hausa. Ciniki da wuri a kasuwar Amina ke nan yana buƙatar hujja.

Sai gine-gine da sarautu, inda mu 'yan Zariya muka fi saurin ruɗuwa don kullum muna ganinsu. Masallacin Juma'a na ƙofar fada aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu ne a zamanin Sarki Abdulkarim, wajen shekarun 1830. Gidajen Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa duk bayan jihadi suka hau mulki. Sabon Gari kuwa da layin dogo ya taso, bayan zuwan Turawa a 1902.

Yadda za ka yi aikin: raba shafin littafin rubutunka gida uku, lambar shafi, abin da aka ce, da hukuncinka, ko ya tabbata, ko ƙage ne halastacce, ko kuskure. Kada ka yi wannan a karatun farko, zai kashe maka daɗin labarin. A zagaye na biyu ake riƙe fensir.

Malam na Samaru:
Ina tare da Baban Ummi, amma kada sharhin ya koma farautar tumatir. Mutum ya ce littafi ya ratsa shi, to wannan ne ya kamata ya fara fitowa. Malam Ɗan Tudun Jukun, nuna mana wurin da ya kama ka, da lambar shafi, ka faɗi abin da marubucin ya yi a wurin: gajerun jimloli ne suka sa yaƙin gudu, ko kirari, ko shirun da wata ta yi a inda ake jiran ta yi magana? "Ya yi daɗi" ba ya amfanar kowa. Ka kuma kula ko Amina tana tsoro, tana kuskure, ko an mai da ita gunkin da ba ya gumi. A ganina wannan aibin ya fi na masara girma.

Kurakuran zamani ka tara su a sakin layi ɗaya, ka kawo uku mafi nauyi, kuma kada ka tona ƙarshen labarin.

Malamar Kongo:
Ƙarin bayani kaɗan. Kafin ka ce marubuci ya yi kuskure a bainar jama'a, tabbatar da majiya biyu da ba su kwafi juna ba, domin yawancin abin da ke yawo a intanet kan Amina daga tushe guda yake. Laburaren Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru na da kundayen digiri na Sashen Tarihi, Gidan Arewa (Arewa House), cibiyar binciken tarihi a Kaduna, ma haka. Ka tafi da katin shaida da takardar gabatarwa.