Maigidana yana ɗauke numfashi a cikin barci, ƙiba ce ta jawo?

Maman Ilham, Kano:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nake nema, musamman wurin likitoci da waɗanda suka taɓa ganin irin wannan a gidajensu. Yau kwana uku rabona da barcin kirki, gadin numfashin maigidana nake yi.

Shekararmu 14 da aure. Tun farko yakan yi ɗan minshari in ya gaji, irin wanda da ka taɓa shi ya juya shi ke nan. Cikin shekara biyun nan ne abin ya canza kama. Sai ya ja minshari mai ƙarfi har yara su ji daga ɗakinsu, can sai ɗif, shiru. Ƙirjinsa da cikinsa suna ta motsi kamar mai kokawar jan iska, amma ba abin da ke shiga. Daren Talata na kunna fitilar waya, na kara bayan hannuna a hancinsa, wallahi ban ji komai ba. Na kalli agogo, sai da aka yi daƙiƙa 24 sannan ya ja wani irin numfashi kamar wanda aka tsamo daga ruwa, ya zabura, ya harba ƙafa, ya koma barci. Ba a yi minti biyu ba ya sake. Na ƙirga har sau 11, daga nan na kasa, na zauna bakin gado ina hawaye ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina.

In gari ya waye na gaya masa, sai ya ce shi bai san an yi ba. Amma kullum da ciwon kai yake tashi, baki a bushe ƙamas. Fitsari sau uku sau huɗu kafin asuba. Mutumin da a da shi ke buga wa maƙwabta ƙofa su tashi sallah, yanzu sai na yi da gaske yake samun jam'i. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne makon jiya, muna dawowa daga Kabuga danja ta tsayar da mu. Ta ba da hannu, na baya suna ta danna hon, ina juyowa na ga idonsa a rufe, hannunsa a kan sitiyari, ga yara uku a baya.

Lokacin aurenmu yaron shago ne a Kantin Kwari, da keke yake zuwa kasuwa, shi ke hawa bene da bandir ɗin shadda a ka. Kilo 74 ne nauyinsa a lokacin. Yanzu Allah ya buɗa, shagon nasa ne, daga mota sai kujera. Da safe shayi mai kauri da burodi da ƙwai, da rana na aika masa shinkafa, kowane baƙo ya zo a sayo lemon kwalba shi ma ya sha, da dare tuwo, sannan ya shigo da ledar balangu wajen ƙarfe goma. Shekararsa 46, tsayinsa mita 1.72, nauyinsa yanzu kilo 109. Telansa ma da sallar bana ya nuna min tsohon littafin awo: wuyan riga da inci 15 da rabi ne, yanzu 18. Yana shan maganin hawan jini kala biyu, jinin bai sauka yadda ake so ba.

Na yi wa Hajiyarsa maganar, ta ce minshari gadonsu ne, haka marigayi mahaifinsa yake yi, ƙiba kuwa alama ce ina kula da ɗanta. Ban iya ce mata komai ba, amma a raina na tuna shanyewar ɓarin jiki ce ta yi ajalin Baba yana da shekara 58. Shin me ke kawo wannan ɗaukewar numfashi? Ƙibar ce, ko wani ciwo ne daban? In ya rame zai daina?

Abu Sadik:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya Hajiya. Ki sa a duba ko belinsa ne ya yi tsawo, mu a garinmu wanzami ke cirewa. Wani lokacin kuma dannau ne. Ya riƙa alwala kafin ya kwanta, ya yi addu'o'in barci, ya kwanta ta gefen dama.

Likitan Ƙirji:

Maman Ilham, sannu da ƙoƙari. Bayanin da kika yi ya fi wanda marasa lafiya da yawa ke kawo mana, don mai wannan larura ba ya ganin kansa, matarsa ce shaidarmu. Ba zan yanke hukunci ban duba shi ba, amma duk abin da kika faɗa ya yi daidai da toshewar numfashi a cikin barci, wadda likitoci ke kira afniya.

Malam Abu Sadik, kwanciya ta gefen dama shawara ce mai kyau, ga lada ga amfani, don abin ya fi tsanani in mutum ya kwanta rigingine. Amma wannan ba dannau ba ne. Mai dannau a farke yake, yana sane, motsi ne ya gagare shi. Wannan kuwa bai ma san ana yi ba. Kuma don Allah kada a kai shi wurin wanzami. Yanke beli ba ya buɗe inda ya toshe, ga haɗarin zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta.

Ga yadda abin yake. Daga bayan hanci zuwa maƙogwaro, hanyar iska ba ta da ƙashin da ke riƙe ta, tsoka ce kawai ke buɗe ta. In mutum ya yi barci tsokar takan saki, harshe ya koma baya, lallausan naman da ke ƙarshen rufin baki ya sauko. In hanyar ta ƙuntace, iska na wucewa tana kaɗa naman, shi ne minshari. In ta manne gaba ɗaya, kamar ki zuƙi kunu mai kauri da robar shan lemo ta lotse, shi ne shirun da kika ji. Iskar oksijin ta ragu a jini, ƙwaƙwalwa ta firgita ta tashe shi na ɗan lokacin da ba zai tuna ba, ya buɗe maƙogwaro, ya koma. Tsayawar da ta kai daƙiƙa 10 muke ƙirgawa. Sau 5 zuwa 14 a awa ɗaya mai sauƙi ce, 15 zuwa 29 matsakaiciya, daga 30 zuwa sama mai tsanani. Mutumin da aka tasa sau ɗari biyu a dare, ko ya yi awa tara a gado bai huta ba. Kowace zabura kuma bugun zuciya da jini hawa suke yi, shi ya sa nake zargin hawan jininsa da ya ƙi jin magani yana da nasaba da wannan. Yawan fitsarin ma daga nan ne sau da yawa: wahalar jan iskar na sa zuciya ta saki wani sinadari da ke umartar ƙoda ta zubar da ruwa.

Batun ƙiba kuwa, ita ce babbar sanadi a manya. Kitse ba a tumbi kaɗai yake taruwa ba. Yana taruwa a gefen maƙogwaro ya matse hanyar daga waje, yana taruwa a cikin harshen kansa ya ƙara masa girma da nauyi. Tumbi kuma in an kwanta yakan tura huhu sama ya rage masa faɗi, hanyar iskar ta ƙara laushi. Awon telan nan da kika kawo yana da muhimmanci ƙwarai, don namiji in kaurin wuyansa ya kai inci 17, mace 16, muna sa ido. Na lissafa nauyinsa da tsayinsa, ma'aunin ƙiba da ake samu daga su biyun ya ba ni kusan 37, alhali daga 30 ake cewa ƙiba ta zama larura.

Akwai binciken da aka yi a jihar Wiskonsin ta Amurka, aka wallafa a 2000, inda aka bi mutum 690 tsawon shekara huɗu. An ga ƙarin kashi 10 cikin ɗari na nauyi yana ƙara yawan tsayawar numfashi da kusan kashi 32, ragin kashi 10 kuma yana rage ta da kusan kashi 26. A wurin maigidanki kashi 10 ɗin kilo 11 ne. Ki lura, ragewa na ce. Wasu suna rabuwa da ita in sun rame sosai, wasu sauƙi kawai suke samu, don akwai wasu dalilan: ƙaramar haɓa ko muƙamuƙin da ya koma baya, toshewar hanci, shekaru, taba da shisha, giya, da raunin halittar nan ta wuya da ke kawo maƙoƙo. Maganar Hajiya ta gado tana da ƙamshin gaskiya, ana gadon ƙirar fuska da ta jiki, sai dai gadon ba ya mayar da abin lafiya.

Kuma kada ki ga laifinsa a kan ci. Rashin barci mai kyau yana hargitsa sinadaran yunwa da ƙoshi, mutum ya riƙa sha'awar zaƙi da maiƙo, ga kasala ta hana shi motsi. Ƙiba na kawo toshewar, toshewar na ƙara ƙiba.

Abu biyu ne na gaggawa. Ya ajiye tuƙi har a duba shi. Kada kuma ya sha maganin sa barci irin su diyazefam, ko tiramadol da kodin, don suna ƙara sakin maƙogwaro, suna kuma danne wurin da ke kula da numfashi a ƙwaƙwalwa. Ki ɗauki bidiyonsa na minti biyar yana barci, ku je Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ku nemi ganin likitan ƙirji ko na kunne da hanci da maƙogwaro, su za su tura ku gwajin barci. A duba masa suga ma.

Ɗan Gusau:

Hajiya, ni abin a kaina ya faru. Shekara 19 ina jan tirela tsakanin Legas da Arewa. Goro da shayi mai ƙarfi nake ta ɗura wa kaina, ina ganin gajiyar hanya ce, har ranar da na farka na ga motata ta sauka daga kwalta bayan Mokwa, yaron motata yana ihu. Allah ne ya kiyaye. Gwaji ya nuna ina tsayawa sau 41 a awa. Aka rubuta min na'urar CPAP, wadda ke hura iska ta hanci a hankali ta hana maƙogwaro mannewa. Makon farko na tsane ta, ina cire abin fuskar cikin dare. Amma safiyar da na fara kwana da ita har asuba, na tashi kaina wasai, na ce ashe haka mutane ke ji. Tana da tsada, tana kuma son wuta duk dare, sai da na haɗa ƙaramar sola da batir.

Sai bayan na fara samun barci ne na iya rage ci. Na bar lemon kwalba kwata-kwata, na daina cin nama bayan isha'i, malmalar tuwo biyu ta koma ɗaya, ina tafiyar minti 40 bayan asuba. Cikin wata 14 na sauke kilo 16. Har yau ina sa na'urar, amma likita ya rage mata ƙarfi. Ki samu wani babba da yake jin nauyinsa ya yi masa magana, mu maza sau da yawa ba ma son jin irin wannan daga bakin iyali.

Ummu Hanif, Maraɗi:

'Yar'uwa, ni dai tunatarwa ce ga masu karantawa, kada a ɗauka sai mai jiki abin ke kamawa. Ɗana siriri ne kamar sanda, yana shekara biyar yana minshari kamar babba, baki a buɗe, yana fitsarin kwance, a makaranta ba ya natsuwa. Ashe ƙululun gefen maƙogwaro ne, tonsil, da wani nama a bayan hanci suka kumbura suka toshe hanya. Da aka cire su a asibiti, daren farko sau uku ina tashi in duba shi saboda shirun ya yi min yawa.

Maman Ilham, Kano:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Likita, jiya na ɗauki bidiyon kamar yadda ka ce. Bayan ya karya kumallo na miƙa masa wayar ban ce komai ba. Ya kalla har ƙarshe, ya mayar baya ya sake kallon inda ƙirjinsa ke ta fama babu iska. Ya daɗe shiru, sannan ya ce, "Maman Ilham, haka nake yi kullum?" Na ce kullum. Ya ɗauki makullin mota ya ba ƙaninsa, shi ya kai shi kasuwa yau.

Wani abu da ban faɗa ba tun farko don ban san yana da alaƙa ba: wata uku da suka wuce ya yi ƙorafin ba ya jin daɗin barci, wani mai kemis ya ba shi ƙananan ƙwayoyi yana sha da dare. Na duba kwalin, cikin waɗanda ka ambata ne. Zan tafi da shi asibiti in nuna, mun samu ganin likita ranar Litinin. Malam Ɗan Gusau, na kira Yaya Babba, wansa da ya riƙe shi a kasuwa, ya ce zai zo gobe bayan la'asar, kuma shi zai yi wa Hajiya bayani da kansa. Ni ma na gyara tukunyata, daren jiya ƙarfe bakwai muka ci abinci, na jera masa filo biyu a bayansa don kada ya mirgina rigingine.

Likita, tambaya ɗaya ta rage: ƙwayar nan da ya yi wata uku yana sha, ya daina yau gaba ɗaya, ko mu jira Litinin likita ya tsara masa yadda zai rage?