Muhawara a Kan "Bayi Masu Albashi"

Tsohon Lamba Tara:
Assalamu alaikum. Wannan ne karo na uku da nake kawo maganar nan, kuma kullum sai a yi tsit, amma da an ce wane ya ci ƙwallo sai kowa ya farka. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne hukumomin ƙwallon Turai ba su ɗauki mutuncin ɗan wasa baƙar fata a bakin komai ba. A 2006 magoya bayan Zaragoza sun yi wa Samuel Eto'o kukan biri har ya kama hanyar ficewa daga fili, aka ci ƙungiyar tarar yuro 9,000. A gasar Turai ta 2012 kuwa, Nicklas Bendtner ya nuna tallar kamfanin caca a jikin wandonsa na ciki, hukumar ƙwallon Turai UEFA ta ci shi yuro 100,000. A 2017 Sulley Muntari yana Pescara ya kai wa alƙalin wasa kuka a Cagliari cewa ana zaginsa, sai alƙalin ya ɗaga masa katin gargaɗi. A ganina bayi ne masu albashi, ana son ƙafarsu amma ba a son jin bakinsu.

Kawun Barcelona:
Wa'alaikumus salam. Ɗana, ka janye kalmar bayi tukuna sannan mu saurare ka. Bawa shi ne wanda bai mallaki kansa ba, ba ya zaɓen inda zai kwana, ba ya cewa ya gaji. Tun hukuncin Bosman na Disambar 1995, ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare a cikin Tarayyar Turai yana komawa inda ya ga dama ba tare da an biya tsohuwar ƙungiyarsa komai ba. Shi Eto'on da ka ambata, da ya koma Anzhi ta Rasha a 2011, an yi ta ruwaito cewa babu ɗan ƙwallon da ya kai shi albashi a duniya. Wane bawa ne wannan?

Malama Mai Alli:
Kawu, ba a bakinsa kalmar ta fara fitowa ba. A 2008 Sepp Blatter, yana shugaban FIFA, ya kira riƙe ɗan wasa da ƙarfi bautar zamani, kuma a kan Cristiano Ronaldo ya faɗa, lokacin da Manchester United ta ƙi sakinsa ya tafi Real Madrid. Duk da haka ina tare da kai a kan nauyinta. Sai a 1888 Brazil ta haramta bauta, ita ce ta ƙarshe a nahiyar Amurka, kuma da yawa daga cikin 'yan wasan da muke magana a kansu jikokin waɗanda aka yi wa bautar gaske ne. Bai kamata mu ara wa attajiri sunan wahalar kakansa ba.

Ɗan Madrid:
Malama, ki saurari yadda mu kanmu muke magana. Muna cewa an saye shi, an sayar da shi, an ba da shi aro, kuma sai likita ya duba gwiwarsa da zuciyarsa kafin a biya kuɗi. Idan wannan ba kasuwar bayi ba ce, to mece ce?

Kawun Barcelona:
Kwantiragi ake saye, ba mutum ba, kuma ba a kai shi ko'ina sai ya sa hannu. Haka ake sayar da Turawa farare tas, ko su ma bayi ne?

Ɗan Madrid:
Na san dalilin da ya sa Kawu ya maƙale wa kalma ɗaya, domin ya hango maganar za ta kai ga Vinícius, ɗan wasan Real Madrid. Ranar 21 ga Mayun 2023 a filin Mestalla na Valencia aka yi ta kiransa biri, aka dakatar da wasa na kusan minti goma, kuma a ƙarshe shi aka kora da jan kati, sai daga baya aka soke katin. Kafin nan, a Janairun shekarar, an rataye mutum-mutumi sanye da rigarsa a jikin wata gada a Madrid. Sai a Yunin 2024 kotu ta yanke wa magoya bayan Valencia uku ɗaurin wata takwas, kuma wannan ne karo na farko da aka hukunta wani a Sifaniya saboda zagin wariya a filin wasa. Wanda ake ratayewa a gada don ya yi rawa bayan cin ƙwallo, ku kira shi ɗa idan kun ga dama.

Kawun Barcelona:
Ban goyi bayan wanda ya zage shi ba, Allah shi ne shaida. Amma yaron nan yana da tsokana, kowa ya sani. Dani Alves da aka jefa masa ayaba a Villarreal a 2014, ɗauka ya yi ya ɓare ya ci, ya buga kwanarsa, duniya ta yaba masa.

Malama Mai Alli:
Kawu, a nan kam na rabu da kai. Bukayo Saka yana ɗan shekara 19 lokacin da ya ɓarar da fenareti a wasan ƙarshe na gasar Turai da Ingila ta buga da Italiya a Wembley ranar 11 ga Yulin 2021, kuma kafin gari ya waye an cika shafukansa da na Rashford da Sancho da hotunan biri. Wa Saka ya tsokana? Irin maganarka ce Bonucci ya yi a 2019, da aka yi wa abokin wasansa Moise Kean kukan biri a Cagliari, ya ce laifin rabi da rabi ne. Ba kowa ne zai iya haɗiye wulaƙanci yana murmushi kamar Alves ba, kuma ba wajibi ba ne a kansa.

Ɗan Madrid:
Ki bar shi, Malama. Saboda wannan ƙiyayyar aka hana Vinícius kyautar Ballon d'Or ta 2024 aka bai wa Rodri, kuma daidai Madrid ta yi da ta ƙaurace wa bikin.

Kawun Barcelona:
To ga ta nan, ashe ciwon kyauta ne. Rodri ya ci Firimiya ya ci kofin Turai da Sifaniya a shekarar. Baƙar fata ma sun ci ta: Eusébio ya karɓi kyautar a 1965, George Weah a 1995, Ousmane Dembélé a 2025, duk da cewa a wurina Lamine Yamal ne ya fi cancanta. Kuma tunda kana son tarihi, a filinku na Bernabéu aka yi wa Yamal zagin wariya a Oktoban 2024, ranar da muka zura muku huɗu babu ko ɗaya.

Ɗan Madrid:
Kuma wa ya fito fili ya la'anci masu zagin? Vinícius ɗin da kake kira mai tsokana. Maganar huɗu kuwa, ka ƙirga kofunan Zakarun Turai 15 sannan ka dawo.

Tsohon Lamba Tara:
Jama'a, don Allah, ni tambayata a kan tara ce da hukunci. Me ya sa wandon Bendtner ya fi mutuncin Eto'o tsada har ninki goma sha ɗaya?

Malama Mai Alli:
Malam, tarar farko hukumar Sifaniya ce ta yanke, ta biyu kuma UEFA, saboda haka kwatancen naka yana da ɗan rauni. Amma har yanzu ba ka faɗa mana ko ka janye kalmar ba.

Jagoran Zaure:
Dare ya yi, bari in taƙaita. An yi ittifaƙi cewa kalmar bayi kuskure ce, kuma Kawu ya kafa hujja da hukuncin Bosman wadda babu wanda ya iya rushewa. An kuma fahimci cewa wariya tana nan a wasu filaye, musamman Bernabéu, inda aka ci zarafin yaro ɗan shekara 17. Batun Vinícius kuwa, masu hankali sun ga cewa halinsa yana ƙara wa wutar fetur, kuma Rodri ya ci kyautarsa da guminsa. Na rufe wannan babi.

Ɗan Madrid:
Ranka ya daɗe, mutum biyu ne ittifaƙi? Mestalla da gadar duk sun ɓace a taƙaitawarka. Ka sauya hoton Messi da ke kan sunanka kafin ka sake yi mana alƙalanci.