Me ya sa giya ke kayar da wasu matasa fiye da wasu?

Mai Tambaya:
Salamu alaikum. Samari biyu sa'o'in juna, teburi ɗaya, kwalba iri ɗaya. Wannan ya tashi da ƙafarsa, wancan a kwashe shi ranga-ranga sai asibiti. Masana lafiya, ina bambancin yake?

Ma'aikaciyar Jinya:
Wa alaikumus salam. Fara da lissafi, ɗan'uwa. Babbar kwalba mai mililita 600, ƙarfin kashi 5 cikin ɗari, tana ɗauke da kusan giram 24 na zallar barasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki shan giram 60 a zama guda a matsayin sha mai haɗari, wato kwalba biyu da rabi kacal. Hanta kuwa ba ta narkar da fiye da giram 7 zuwa 10 a awa, ragowar na ta yawo a jini. Wanda ya sha da yunwa, ko ya riƙa kwankwaɗa babu tsayawa, ko mai ƙaramin jiki, shi zai fara faɗuwa. Mace ma ta fi saurin buguwa, don ruwan jikinta bai kai na namiji ba.

Mai Harhaɗa Magunguna:
Hajiya ta yi daidai, amma abin da ya fi kisa shi ne haɗi. Giya da tramadol, kodin ko diazepam duk numfashi suke dannewa. Sai ka ji yaro na minshari mai ƙarfi, abokai su ce barci yake. Ba barci ba ne! In an girgiza shi bai farka ba, leɓe ya fara shuɗi, a kwantar da shi ta gefe don kada amai ya shaƙe shi, a nemi asibiti nan take. Kada a ɗura masa madara ko manja, huhu za su bi. Lemon ƙara kuzari kuma ɓoye maye yake yi, mutum ya sha fiye da ƙima ya hau babur.

Likitan Ƙwaƙwalwa:
Akwai na dogon zango. Sashen gaban ƙwaƙwalwa, mai taka wa mutum birki, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Wanda ya fara kafin shekara 15 ya fi kowa shiga haɗarin kamuwa da jarabar giya. Gado na da kusan rabin hannu a ciki. Sai damuwa da zaman kashe wando. Mai ciwon hanta nau'in B, ko kurɓa kada ya yi.

Wanda ya riga ya kamu kuma, kada ya yanke rana ɗaya shi kaɗai a ɗaki: karkarwa, farfaɗiya da gane-gane na iya biyowa cikin kwana biyu zuwa uku. A gaban likita ake janyewa.