Ina neman kabarin kakanmu a ƙauye, ta ina zan fara?

Jikar Mai Bishara: Salama a gare ku. Kakanmu mai bishara ne na LCCN, wato ikilisiyar Lutheran ta Nijeriya, a wani ƙauye da ke gundumar Numan, ya rasu tun babana yana yaro. Ba mu da hotonsa, ko shekarar rasuwarsa ba mu riƙe ba. Ina so in je da Kirsimeti. Don Allah waɗanda suka taɓa irin wannan nema ku ba ni shawara.

Tsohon Katikis: 'Yata, kada ki fara da makabarta. Fara da littafin majami'a, inda ake rubuta baftisma. Kuma littafin ba lallai yana ƙauyen ba. A da ƙananan majami'u ba su da fasto, mai bishara ke riƙe da su, fasto ya zo daga gunduma ya yi baftisma ya koma da littafinsa. Ki tambayi fasto na yanzu wace gunduma ce ke kula da ƙauyen a wancan zamanin. Turawan mishan na Denmak sun iso Numan a 1913, Dokta Bronnum ne a gaba, amma majami'un ƙauyuka da yawa sun zo daga baya sosai.

Ɗan Bakin Binuwai: Abin da Baba ya faɗa haka yake. Ni kwana biyu na yi ina buɗe shafi ban ga kakata ba, ashe sunan baftisma nake nema, su kuwa sun fara da sunanta na Bachama, an kuma rubuta shi yadda kunnen marubucin ya ji. Ki tafi da sunaye biyun, da na mahaifinsa. Littafin da na gani gara ta cinye gefensa, takardar tana karyewa a hannu kamar busasshen ganye. Ɗauki hoto da waya, kada ki roƙa a ba ki ki kai wajen kwafi.

Mamar Zumunta: Ku maza kun manta da tsofaffin zumuntar mata. Su ne suka yi girkin zaman makoki, sun san wa ke kwance kusa da wa. Ba za su ce miki 1968 ba, za su ce lokacin yaƙin basasa, ko kafin a canja kuɗi zuwa naira, wato kafin 1973. Ki zauna da su, ki kai ɗan sukari da sabulu, kada ki yi gaggawa.

Jikar Mai Bishara: Na gode, Mama. To kabarin fa, in rubutun ya goge?

Ɗan Bakin Binuwai: Ki je da sassafe, rana tana ƙasa-ƙasa, inuwa kan fito da haruffan da aka zana da ƙusa a ɗanyen siminti. Yayyafa ruwa kaɗan. Ban da burushin ƙarfe. In ƙauyen na bakin kogi ne ki tambaya ko ambaliyar 2012 ta taɓa wurin.

Tsohon Katikis: Kirsimeti lokaci ne mai kyau, ciyawa ta bushe, 'yan gari sun dawo gida. Amma ki gaida dattawan ikilisiya tukuna, su haɗa ki da wanda zai raka ki. Wace majami'a ce? Turo mini a keɓe, wataƙila na san fastonta.